Yaron da ke aji a tsakar gida ba ɗan aike ba ne

Iyayen yara, ku ara mini kunnuwanku, ina da 'yar magana kan karatun nan da 'ya'yanmu ke yi ta waya ko kwamfuta suna zaune a gida.

Abin ya shigo mana ne ba shiri. A watan Maris na 2020, bayan cutar korona ta iso Najeriya, aka rufe makarantu, yara suka yi wata da watanni a gida. Jihohi irin su Kaduna da Kano suka koma ba da darasi ta rediyo, makarantun kuɗi suka buɗe zaurukan WhatsApp da Zoom, jarrabawar WAEC ma ba a zauna ta ba sai a watan Agusta. Cutar ta lafa, amma wannan salon karatu ya zauna daram. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, mai darussa kyauta har da na Hausa. 'Yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka kuwa, akwai waɗanda malamin Alƙur'anin 'ya'yansu yana Kano ko Zariya, ta waya ake biya musu karatu.

To, ga inda gizo ke saƙar. In yaro ya rataya jaka ya tafi makaranta, babu uwar da za ta bi shi aji ta ce ya zo ya kai niƙa. Amma da yake yanzu ido na ganinsa a kan tabarma, sai a manta cewa gaban malami yake. "Kai, ajiye wayar nan ka sayo mini magi." "Ke, tunda kina nan, riƙe mini ƙanenki in sauke tukunya." Ba da mugunta ake yi ba, na sani; hidimar gida ba ta ƙarewa. Sai dai darasi irin lissafi hawa-hawa ne, wanda ya rasa matakin farko ba zai gane na uku ba. A cikin aji malami kan dubi fuskar ɗalibi ya gane an bar shi a baya. A waya ba ya ganin haka, balle in an kashe kyamara don tattalin data. Yaron zai dawo daga aiken ya tarar an yi nisa, ya ji kunyar tambaya, ya yi shiru. Ranar da sakamako ya fito a ce ba ya ja.

Kuma mu faɗi gaskiya, 'ya mace ta fi shan wannan. Ita ce ta wanke-wanke, ita ce ta raino, ita ake fara kira in baƙi sun yi sallama. Namiji ko an gan shi riƙe da waya ba a cika taɓa shi ba. Ina roƙonku, uwaye, awa biyun nan na darasinta ku ɗauka ba ta gidan. Kwanukan za su jira.

Ku kuma maza, sau da yawa babbar wayar gidan ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuwa ya tafi kasuwa. In za ta yiwu, a daidaita lokacin darasi da lokacin da kake gida, ko a nemi wata ko ta hannu ce a bar wa yaran. A gidan da ake da ɗaki biyu ko uku, a tsara wa zai riƙe ta yaushe, a kuma tsaya a kan tsarin, don ƙaramin abu irin wannan kan haifar da 'yan'ubanci. Batun kuɗi ma ba wasa ba ne, tunda a farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Bidiyo ya fi murya cin data nesa ba kusa ba, saboda haka darasin da za a iya saukewa sau ɗaya a yi ta maimaitawa, a sauke shi. Da zarar an kawo wuta a sa caji, kada a jira safiya.

Wata za ta ce, "Baba, ni ban yi boko ba, me zan duba?" 'Yata, iyayenmu mata da yawa ba su yi zurfi a allo ba, amma in yaro yana tilawa daga jin muryarsa sun san ko ya riƙe ko kame-kame yake yi. Ki ce masa, "Me malam ya koya muku yau? Faɗa mini da Hausa." Wanda ya gane zai bayyana miki, wanda ya yini kallon TikTok zai fara sosa ƙeya. Ki kuma hana yayyensa yi masa aikin gida. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, ranar kuwa shi kaɗai zai zauna gaban na'urar.

Wurin zama ya zama fili, falo ko ƙarƙashin rumfa, inda mai wucewa zai iya leƙa fuskar wayar. Ba zargi ba ne. Babba ma in ya keɓe da waya yakan shagala. Saƙon malami ya riƙa biyowa ta lambar uwa ko uba, musamman in ɗalibar budurwa ce. Malamin kirki ba zai ji haushin haka ba.

In an tashi, a karɓi wayar, yaro ya fita ya huta idonsa, ya buga ƙwallo, ya je Islamiyya da yamma. Gaisuwa da haƙuri da zama da mutane ba a koyonsu ta intanet.

Yau da daddare bayan isha'i, ku tara yaran ku tambayi kowa ƙarfe nawa yake shiga darasi, ƙarfe nawa yake tashi. A rubuta a manna a bango, a sanar da kowa a gidan, har da kaka, cewa a wannan lokaci ba a aiken su. Allah Ya raya mana su, Ya sa albarka a karatunsu.