Darasi: Noman Dankalin Turawa a Lambun Gida a Gadarif

Gadarif ƙasar dawa ce da riɗi. Baƙar lakarta ita ce arzikinta, domin tana riƙe ruwan damina har dawa ta nuna. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disambar wannan shekara, gidaje da yawa sun cika da baƙi, kuɗin cefane kuwa ya ninka. Ɗan fili a bayan ɗaki, ko buhuna goma a gindin katanga, suna iya rage wannan nauyi. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake noman dankalin turawa, wanda ake kira batatis a kasuwa, da abin da ya kamata a kiyaye don kada abinci ya zama cuta.

Ɗan sanyi ne

Asalin dankalin turawa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya. Har yau bai bar halinsa na son sanyi ba. Shi ya sa a Nijeriya tsaunukan Jos ne gidansa, a Habasha kuma tuddai masu sanyi, a Sudan kuwa Jabal Marra da gonakin bakin Nilu na arewacin Khartoum a lokacin hunturu. Manoman Kano da Zariya ma sai da sanyin hunturu suke shuka shi a fadama.

Ya fi yin 'ya'ya idan matsakaicin zafin yini yana tsakanin digiri 18 zuwa 20. Idan zafin ƙasa ya haura digiri 30, sai ya yi ta ganye ba tare da ya zuba 'ya'yan kirki ba. A Gadarif ko a watan Janairu rana tana da zafi, dare ne kawai ke yin sanyi. Saboda haka lokacinmu gajere ne: a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a haƙe bayan kwana 90 zuwa 110, kafin zafin Maris ya kankama. Wanda ya makara har Janairu, gara ya adana irinsa ya shuka wani abu.

Gyaran ƙasa

Lakar da ke raya dawa ita ce babbar matsalar dankali. Idan ta jiƙe tana danƙarewa, ruwa ya kwanta, iri ya ruɓe. Idan ta bushe kuma tana tsagewa, kuma tsagewar nan ƙofa ce ga abu biyu: hasken rana, wanda ke mayar da dankali kore, da wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai shiga ya yi ƙwai a jikin dankalin, tsutsarsa ta huda shi.

Maganin haka shi ne a cakuɗa kashi ɗaya na laka, kashi ɗaya na yashin rafi, da kashi ɗaya na takin shanu ko na awaki wanda ya daɗe ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma tara ƙuda. A ja kunya mai tsayin kamar santimita 25, a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya. Kada a shuka a inda aka cire tumatir, ko gauta, ko barkono a kakar da ta wuce, domin dangi ɗaya ne, cututtukansu ma ɗaya.

Wanda ba shi da fili, ko yake zaman haya ko zaman gudun hijira, sai ya nemi buhu mai cin kilo 50, ya huda gindinsa wurare da dama, ya naɗe bakinsa zuwa rabi, ya zuba ƙasar da aka cakuɗa. Iri biyu sun ishi buhu ɗaya. A ajiye shi inda hantsi ke samunsa, inuwar katanga kuma ta kāre shi da azahar.

Zaɓen iri da shuka

Da dankalin kansa ake shuka shi. A zaɓi mai girman ƙwan kaza, mai tauri, marar tabo, wanda idanunsa suka fara fitar da gajeren tsiro mai kauri. Wanda aka haƙo kwanan nan ba ya tsirowa sai ya huta wata biyu zuwa uku, don haka a tambayi mai sayarwa tun yaushe aka haƙe shi. Idan an yanka ɗaya aka ga zobe mai launin ƙasa a ciki, ko ruwa mai yauƙi yana fita daga idonsa, kada a sayi iri daga wannan buhun. A ƙasa mai ɗumi irin tamu kada a raba iri gida biyu don a yawaita shi, domin yankakke ya fi saurin ruɓewa.

A binne shi zurfin santimita 10, tsiro yana kallon sama, a bar santimita 30 tsakanin gindi da gindi. Fili mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi yana ɗaukar kunya 4, kowace da gindi 10, wato iri 40, kimanin kilo 2. Idan kowane gindi ya ba da rabin kilo, an samu kilo 20 ke nan.

Ban ruwa da huɗa

Ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi ambaliya sau ɗaya. A sa yatsa a kunya: idan da danshi, a dakata. A rufe kunyar da ciyawa busasshiya ko ganyen karan dawa, domin yana sanyaya ƙasa, yana hana ta tsagewa, yana kuma rage kuɗin ruwa. Idan tsiro ya kai tsawon taƙi ɗaya, a yi masa huɗa, wato a ja ƙasa a rufe gindinsa. A maimaita bayan mako biyu ko uku. A buhu kuwa sai a riƙa warware bakin ana ƙara ƙasa. Duk tsagar da aka gani a toshe ta a ranar.

Idan ganye ya fara yin rawaya yana kwanciya, a daina ban ruwa kwana 10, fatar dankalin ta yi ƙwari. A haƙe da sassafe, a kwashe zuwa inuwa nan take.

Kiyaye lafiyar iyali

Na farko, kore da tsiro. Dankalin da haske ya taɓa yana yin kore, kuma a wajen koren da tsiron wata guba mai suna solanin ke taruwa. Tana sa amai, da ciwon ciki, da gudawa, ta fi kuma yi wa ƙananan yara illa. Tafasawa ba ta kashe ta. Idan koren kaɗan ne a fere shi da zurfi, a ƙwaƙule tsiron. Idan ya yi yawa, ko dankalin yana ɗaci, a zubar. Ganyen dankalin turawa da ƙananan 'ya'yan da yake yi a sama masu kama da ɗanyen tumatir ba a cin su, ko da yake ana miya da ganyen dankalin Hausa. A koya wa yara wannan bambanci.

Na biyu, ruwa. Jihar Gadarif ta yi fama da kwalara da zazzaɓin dengi a shekarar 2023. Kada a yi ban ruwa da ruwan makewayi ko na kwata. Kowace randa da ganga a rufe ta, a wanke ta duk mako, domin sauron dengi a ruwa mai tsabta da aka ajiye yake haihuwa.

Na uku, kala'azar. Wannan yanki shi ne inda cutar ta fi yawa a Sudan. Ƙwaron da ke yaɗa ta bai kai sauro girma ba, yana fakewa a tsagar baƙar ƙasa da wuraren da ke da dushe da aduwa, yana cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba, ya fi kuma yawa a ƙarshen rani. A yi aikin lambu da hantsi ko kafin magariba, a kwana cikin gidan sauro mai magani. Duk wanda zazzaɓi ya wuce masa mako biyu, yana rama, cikinsa yana kumbura ta hagu wajen saifa, a kai shi asibiti. Cutar tana da magani, amma wanda ba a yi wa magani ba kusan kullum tana kai shi ga mutuwa.

Na huɗu, maganin ƙwari na gonar riɗi ko auduga ba na lambun gida ba ne. A tsince ƙwari da hannu, a tuge gindin da ya yi yaushi a ƙone shi.

Ga 'yan kasuwa

Dankalin da aka baje a rana hasara biyu ce: yana yin kore, yana kuma rage nauyi, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. A fito da na ciniki kaɗan, sauran ya zauna cikin buhun ashasha a inuwa, bisa katako, inda iska ke ratsawa. Leda tana sa shi gumi ya ruɓe. Kada a wanke sai za a dafa. A ware kore da ruɓaɓɓe kowace safiya, kuma kada a karyar da farashin koren a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi, domin 'ya'yansa ne za su ci.

Bayan an haƙe

Kada kunyar ta zauna banza. Idan damina ta sauka a watan Yuni ko Yuli, a dasa dankalin Hausa, wanda ake kira bambe, domin shi zafi bai dame shi ba. A nemi mai cikin ruwan lemo, wanda ke ba jiki bitamin A, mai kare idon yaro da ƙara masa ƙarfin jure cuta. Dankalin turawa kuwa, idan aka dafa shi da fatarsa, yana ba da bitamin C da sinadarin fotasiyam, sai a haɗa shi da wake, ko ƙwai, ko madara, ya zama cikakken abinci ga yaron da ake yayewa. Ta haka fili ɗaya zai ciyar da gida sau biyu a shekara, sau ɗaya da hunturu, sau ɗaya da kaka.