Kafin a ce mata juya, a duba maigida

Wata Talata da hantsi wani magidanci ya shigo ofishina da baƙar leda cike da takardu. Ya zazzage su a kan tebur: hoton mahaifa, gwaje-gwajen jini, katunan asibiti har uku, duk da sunan matarsa. Shekararsu shida da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Na duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ban ga abin da zai hana baiwar Allah ɗaukar ciki ba. Na ce, "Malam, ina naka?" Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce, "Likita, ni fa lafiyata ƙalau. Ka tambaye ta ka ji."

Na gane nufinsa, domin ba ranar na fara jin wannan magana ba. Mazajenmu da yawa sun ɗauka in dai mutum yana biya wa iyalinsa buƙata a shimfiɗa, to rashin haihuwa ba daga gare shi ba ne. Alhali ƙarfin namiji daban, ingancin maniyyi daban. A cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa nisa, kusan rabi akwai kason miji a matsalar.

Da ƙyar ya yarda muka shiga bayan labule. Na ce ya tsaya a tsaye, don abin da nake nema ɓuya yake yi idan mutum ya kwanta. Tun kafin in kai hannu na gani: a gefen hagu, sama da ɗan maraina, jijiyoyi sun kumbura sun murɗe kamar an cusa tana a leda. Ɗan marainan hagun kuma ya fi na dama ƙanƙanta da laushi. Wannan larura ita likitoci ke kira barikosil. Ba gwaiwa ba ce, wadda ruwa ne ke taruwa, ba kuma ƙaba ba ce, wadda hanji ne ke gangarowa. Jijiyoyin da ke kwashe jini daga maraina ne suka buɗe, jini ya kwanta a cikinsu.

Akwai hikima a rataye maraina a wajen jiki. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, su kuwa maraina ba sa yin maniyyi mai kyau sai sun gaza haka da digiri 2 zuwa 3. Waɗannan jijiyoyin su ne ke kewaye da jijiyar da ke kawo jini mai ɗumi daga ciki, suna sanyaya shi kafin ya iso, kamar yadda ake naɗe jarkar ruwa da jiƙaƙƙen buhu lokacin bazara. Idan suka lalace sai wurin ya ɗau zafi, ƙwayoyin maniyyi su ragu, waɗanda suka rage su yi sanyin tafiya, wasu kuma su fito da gurɓatacciyar siffa. Kusan tara cikin goma a hagu ake samun larurar, saboda jijiyar hagu ta fi tsawo, kuma a jijiyar ƙoda take juye jininta, inda ya fi wahalar wucewa.

Larurar ba baƙuwa ba ce. Kimanin maza 15 cikin 100 suna da ita, galibi tun lokacin balaga, kuma mafi yawansu suna haihuwa ba su ma san da ita ba. Amma a cikin mazan da ba su taɓa ba da ciki ba, adadin yakan kai 35 zuwa 40 cikin 100. Ya fi haka yawa a wurin waɗanda suka haifi ɗaya ko biyu sannan haihuwar ta tsaya cak, domin a wasu mazan ɓarnar a hankali take ci. Su ne ma suka fi wuyar sha'ani. Da ka ambaci gwaji sai mutum ya nuna maka hoton ɗansa mai shekara tara a waya.

Sau da yawa ba ta ciwo. In ta yi, nauyi ne da ɗan ja da ke tasowa da yamma bayan doguwar tsayuwa, ya lafa in an kwanta. A nan ake ɓata shekaru: a ce sanyi ne, a sha kafso, a sha jiƙo, a koma maganin maza. Babu maganin sha da ke mayar da buɗaɗɗiyar jijiya yadda take. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne allurar testosterone da wasu ke karɓa a kemis da sunan ƙarin ƙarfi. Ita wannan allura dakatar da yin maniyyi take yi, har ya kai a gwada mutum a rasa ƙwaya ko ɗaya.

Ba kowace barikosil ake yi wa tiyata ba, kuma duk wanda ya ce a yanka ka don sikanin kaɗai ya nuna ta, ka nemi ra'ayin wani likitan. Muna yin aiki ne idan ana jin ta da hannu, gwajin maniyyi ya nuna rauni, kuma an shekara ana nema ba a samu ba. Gwajin kansa da sauƙi: a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a miƙa maniyyin cikin awa ɗaya, a maimaita in sakamakon farko bai yi kyau ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana so a samu aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Akan yi wa saurayi ma aiki idan ɗan marainansa ya fara tsukewa, ko wanda ciwo ya hana shi sukuni.

Aikin ba fiɗiya ba ne, kamar yadda majinyacin nan nawa ya tsorata. Ƙaramin yanka ne a ƙasan mara, a ɗaure jijiyoyin da suka lalace, jini ya bi ta lafiyayyu. Wanda ake yi da madubin ƙara girma ya fi kyau, don larurar ba ta cika dawowa ba, kuma ba a cika samun gwaiwa bayansa ba. Yawanci a ranar ko washegari ake sallama.

Sai dai ba a ganin amfanin aikin nan take. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, don haka sai bayan wata 3 zuwa 6 ake sake gwaji. Kimanin mutum biyu cikin uku maniyyinsu yakan inganta, amma ba duka ne ciki ke biyo baya ba, kuma ina faɗa wa kowa haka tun kafin ya sa hannu. Shi ya sa shekarun matar ke shiga lissafi. Mai shekara 24 tana da sararin jira. Wadda ta wuce 35 kuwa ƙwanta raguwa yake yi, don haka wata shida ba ciki ya isa a zo asibiti, kuma wani lokacin mukan ba da shawarar a tafi kai tsaye ga haɗa ƙwai a waje. Majinyacin nan nawa an yi masa aiki, maniyyinsa ya ƙaru sosai, amma shekara shidan da matarsa ta yi tana shan jiƙo da gorin dangin miji sun riga sun tafi.

Akwai irin barikosil da ba a jira da ita ko kaɗan. Idan kumburin ya fito farat ɗaya ga wanda ya haura 40, ko a dama kaɗai yake, ko ba ya sacewa in an kwanta, a yi hoton ciki da gaggawa, domin ƙari a ƙoda yana iya jawo haka.

Maigida, idan shekara ta zagayo ba labari, ku je asibiti tare da iyalinka, kuma ka ce a fara da kai. Gwajin maniyyi babu allura, babu yanka, ya kuma fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mata araha.