YADDA AKE HAƊA 'YAN TSAKI DA MANYAN KAJIN GIDA

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya sani a ƙasarmu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wuya ka shiga gida ba ka tarar da akurki a bayan ɗaki ba. A da ba a ɗauki kaza a bakin kome ba, shanu da tumaki su ne dukiya. To, tun da satar shanu ta addabi yankin nan, gidaje da yawa sun koma kaza ce asusunsu. Ita ake kamawa a kai kasuwa in yaro ya kwanta ciwo, ita ce kuma kuɗin motar da yawancinmu muke dawowa makaranta da shi bayan hutu. Saboda haka mutuwar 'yan tsaki ashirin a gidan talaka ba ƙaramar hasara ba ce.

Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne baƙin 'yan tsaki, watau waɗanda ake sayowa daga Funtuwa ko Zariya cikin kwali, irin su Noiler da ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar. Waɗannan ba su da uwa. Wanda kazar gida ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21 na kwanci yana da mai tare masa faɗa, shi ya sa Hausawa suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Na kwali kuwa maraya ne, in ka sake shi a tsakar gida ba shi da wurin gudu.

Da farko ya kamata mu san dalilin da ya sa manyan kaji ke saran baƙo. Ba mugunta ba ce. Kaji suna da sarauta a tsakaninsu, kowace ta san wadda ta fi ta da wadda take gaba da ita. Babba ita ke fara cin dusa, ita ke zaɓen wurin kwana, in ta sari ta ƙasa da ita ba a ramawa. Malaminmu na aikin gona ya gaya mana wani mutumin Norwe mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ne ya fara rubuta wannan a shekarar 1922, kuma tun yana yaro ya soma lura da kajin gidansu. Ni dai na ce a raina kakata ta san haka ba ta je Norwe ba, sai dai ba ta rubuta ba. Duk sa'ad da baƙo ya shigo, sai an sake zaman sarautar nan, da baki kuma ake yinsa. Kaza da kaza za su iya jure wa juna. Amma ɗan tsako na mako biyu sara ɗaya a ka ya ishe shi. Wani abin kuma, kaji in sun ga jini ba su dainawa, sai su taru a kan wurin har su kashe shi.

Haɗari na biyu ya fi na farko girma, ga shi ba a ganinsa da ido. Shi ne cuta. Babbarsu ita ce wadda masana ke kira Niyukasil, mu kuma muke ce mata fakat, wadda takan share kajin unguwa musamman da hunturu. Alamunta su ne koren kashi, da numfashi da baki buɗe, da sakin fukafukai kamar kazar ta yafa riga, wani lokaci har wuya ya murɗe. Tsohuwar kazar da ta taɓa yin ciwon ta tashi tana iya zama garau, alhali ɗan tsako bai da ƙarfin da zai tsaya wa cutar. Haka kuma baƙon da aka sayo a kasuwa yana iya shigowa da ita ya gama da na gida, domin takan yi kwana 2 zuwa 15 a jiki kafin ta bayyana. Don haka ko manyan kaji ka sayo, ko kyauta aka ba ka wajen biki, ware su mako uku a nesa da akurki kana dubansu. Wannan ya shafi murar tsuntsaye ma, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a shekarar 2006 a wata gona kusa da Jaji.

Fakat ba ta da magani in ta kama, rigakafi kaɗai ke tare ta. Barkono da maɗaci da kafso da iyayenmu mata ke jiƙawa a kasko ba su kashe ƙwayar cutar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafin, akwai Lasota da ake ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha, akwai kuma I-2 wanda ya fi jure zafi. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, kuma in an buɗe ta ba ta kwana. Abin da ya fi shi ne maƙwabta su haɗa kuɗi su nemi malamin dabbobi, a yi wa tsofaffi da baƙi duka, a riƙa maimaitawa bayan wata uku ko huɗu.

To, yanzu sai yadda ake haɗawar. Mako shida na farko ba maganar haɗawa ko kaɗan. 'Yan tsaki suna bukatar ɗumi kamar digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kaɗan kaɗan har gashinsu ya cika. Wanda ba shi da ma'auni sai ya dube su: in sun cunkushe jikin fitila ko tukunyar gawayi, sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa.

Bayan gashi ya rufe jiki, sai a fara abin da nake kira gaisuwa ta bayan shinge. A sami babban kwando mai ramuka, ko a kewaye wani lungu da waya ko karan dawa da aka tsuke sosai, a sa 'yan tsakin ciki da ruwansu da abincinsu, a inda manya ke kiwo. Suna ganin juna, suna jin kukan juna, amma baki ba ya kaiwa. Ranar farko za ka ga babbar kaza tana zagaye kwandon tana ƙoƙarin zura kai. Kafin mako guda ya cika, wucewa za ta riƙa yi ba ta ko waiwaye. A gidanmu mukan zuba tsaki a bakin shingen ciki da waje, domin su saba da cin abinci kusa da juna. Mako ɗaya zuwa biyu ya isa.

Sa'an nan a fara sakinsu, da la'asar sakaliya, lokacin da manya suka ƙoshi suna shirin shiga akurki, mutum kuma yana zaune kusa. Kada a saki guda ɗaya ko biyu, a sake su gaba ɗaya don faɗan ya rarrabu. A ɗaga gefen kwandon da dutse daidai yadda ƙarami zai shige babba ba za ta iya ba. A kuma ajiye kaskon ruwa da na dusa a wuri biyu ko uku, domin babbar kaza takan tsare kasko ta hana baƙo sha, ka ga yana ramewa ba ka san dalili ba. Sara ɗaya da ɗan kora ba abin damuwa ba ne, hukuncinsu ne, a bar su. Amma in aka ga jini, a ɗauke mai rauni nan da nan har ya warke. In kuma kaza ɗaya ce ta matsa, ita za a kulle kwana uku ko huɗu. In ta fito takan tarar an ci gaba ba da ita ba, sai ta shiga neman matsayinta ta manta da baƙi. Kwana a akurki ɗaya kuwa sai sun kusa kai girman manyan, wajen wata uku, domin da asuba kafin a buɗe ƙofa ne aka fi yin ɓarna.

A lura da abinci. Abincin kanti na kaji masu ƙwai yana da sinadarin kalsiyam da yawa don ɓawon ƙwai, yana kuwa lalata ƙodar 'yan tsaki. A ba kowa abincin masu tasowa, ko dusar masara da soyayyen waken soya da gara, a ajiye wa masu ƙwai dakakken ƙashi ko ɓawon ƙwai a wani kasko dabam.

Akwai wata gajeriyar hanya ga wanda ya yi sa'a. In kana da kazar da ta kusa cika mako uku a kwanci, kana iya zura mata 'yan tsakin kwana ɗaya ko biyu a ƙarƙashin fiffike da dare, ka janye ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Sau da yawa da safe sai ta ɗauka nata ne, kamar dai yadda take riƙon 'ya'yan zabi in an sa mata ƙwansu. Ba kowace kaza ke yarda ba, sai a tashi da wuri a duba. Kada kuma a ba ta fiye da abin da fukafukanta za su rufe, goma ko sha biyu.

Ga 'yan'uwana da ke tara kuɗin kashewa don su sayi 'yan tsaki da hutu, ku ƙidaya makonnin tukuna. Hutun Disamba gajere ne, ga sanyi, ga fakat. Dogon hutu ya fi, ko da yake sai an kare su daga jiƙewa da laimar damina. Ko shi ma ɗumamawa kaɗai za ku gama kafin a koma makaranta, haɗawar a hannun inna da ƙanne za ta faɗa. Saboda haka ku ɗaure shingen, ku tanadi kaskon, ku rubuta ranar rigakafi ta gaba a jikin bango da gawayi kafin ku ɗauki akwati.