Darasin Wannan Wata: Abin da Ɗaga Mota Ke Jawowa

Darasinmu na wannan wata a kan motocin da ke shiga ƙauyukanmu ne. Idan damina ta sauka, hanya takan koma kwari biyu da tudu a tsakiya. Motar da ba ta da tsayi sai cikinta ya riƙa gurzar ƙasa. Shi ya sa direbobi da yawa suke kai mota gareji a ɗaga musu ita. Wani a ƙara masa fallen sifirin biyu ko uku. Wani a sa masa manyan tayoyi. Ana yi wa Hilux da Land Cruiser da Land Rover. Ana yi wa Peugeot 504 a-kori-kura, wadda kowa ya sani tun bayan buɗe masana'antar Kaduna a 1975.

Ko ba ka da mota, maganar ta shafe ka. Ita ke ɗaukar hatsinka zuwa kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda asibiti. Wani lokaci ma kuɗin ƙungiyarku aka tara aka saye ta.

Ga abu na farko da ya kamata a gane. Ƙarin sifirin bodin mota yake ɗagawa, ba ya ɗaga aksul. Ƙoƙon aksul ɗin nan da ke tsakanin tayoyin baya yana nan inda yake. Tudun da yake bugawa jiya zai buga yau. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabi take bayarwa. Idan sabuwar taya ta fi tsohuwa tsayi da inci 2, aksul zai tashi da inci 1 ne kawai.

Yanzu mu leƙa ƙarƙashin mota. Akwai dogon ƙarfe da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa aksul. Shi ne farfela. A kowane bakinsa akwai gaɓa mai ƙafa huɗu, wadda makanikai ke kira kuros. An ƙera gaɓar nan ta yi aiki da ɗan lanƙwasa kaɗan. Da an ɗaga bodi, giyabos ya yi sama, aksul yana ƙasa, sai farfela ya karkace fiye da yadda aka tsara.

Mata sun san wannan a aikace. Idan kina tuƙa tuwo da wuyan hannu a miƙe, kina iya daɗewa. Idan kin lanƙwasa shi, nan da nan zai yi tsami. Haka kuros yake. Kuma kuros da ya karkace ba ya juyawa bai ɗaya. A kowane zagaye guda yakan yi sauri sau biyu, ya rage sau biyu. Kuros na ɗaya bakin shi ke gyara wannan, amma sai in lanƙwasarsu ta zo daidai. In ɗagawa ta ɓata daidaiton, direba zai ji mota tana karkarwa a ƙarƙashin kujera. Karkarwar nan ita ke cinye kuros, ta kashe boris, ta sa man giya ya fara yoyo. Ranar da kuros ya tsinke ana cikin gudu, farfela na iya caka ƙasa ko ya fasa abin da ke kusa da shi.

Motoci masu jan ƙafa huɗu na zamani, kamar sababbin Hilux, suna da wata matsalar a gaba. Kowace tayar gaba tana da nata gajeren shaf, da robar da ke riƙe masa giris. Ɗagawa takan sa robar ta matse tana gogar kanta har ta yage. Giris ya fita, yashi ya shiga. Alamarsa ita ce ƙarar ƙas-ƙas idan an karya sitiyari. Roba ba ta da tsada. Shaf kuwa yana da tsada ƙwarai. Wanda ya canza roba da wuri ya tsira da shaf.

Shokazoba ma tana da iyakar tsawonta. Idan an ɗaga mota aka bar tsohuwar, kullum a miƙe take, kowane rami sai ta fizgu har ƙarshe. Tiyon birki shi ma haka. In ya yi gajere, wata rana taya za ta faɗa rami ya tsinke, birki ya tafi. A ganina, makanikin da ya ɗaga mota bai duba tiyon birki ba, bai gama aiki ba, kada a biya shi tukuna.

Babbar taya fa? Tana da nauyi, tana wahalar da boris da sitiyari da kulochi. Birki yakan ƙara nisa kafin ya tsayar da mota. Agogon gudu ma sai ya koma faɗin ƙarya. Idan taya ta ƙaru da kashi 10 cikin 100, agogo zai nuna 80 alhali motar tana gudun kilomita 88.

Amma mafi haɗari shi ne lodi. Da direba ya ga baya ya daina zama, sai ya ƙara buhuna, fasinjoji su hau sama. Sifirin ne kawai aka ƙara. Aksul da boris da birki da taya duk na dā ne. Kuma mota mai tsayi da kaya a sama kamar mai ɗauke da tulu a ka ce, ɗan tuntuɓe ya isa. A kwana ko gefen kwari takan kife.

In dole sai an ɗaga, kada a wuce inci 2, wato santimita 5. A sa shokazoba da tiyon birki masu tsawon da ya dace. A kai mota a daidaita ƙafafun gaba. Bayan 'yan kwanaki ana aiki, a koma a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin da aksul, domin sukan saki.

Sannan kowane mako a yi wannan dubawa. A tsayar da mota a fili mai lebur, a kashe inji, a tokare tayoyi da duwatsu, a cire giya. A kama farfela da hannu biyu a girgiza. In ya yi ƙwas-ƙwas, kuros ya tafi. In kuros ɗin yana da bakin shan giris, a ba shi, musamman bayan an ratsa ruwa. A duba taya, in gefe ɗaya ne ke cinyewa, ƙafa ta karkace. Bayan doguwar tafiya kuma a kai hannu a hankali kusa da tsakiyar kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, a sa makaniki ya buɗe ta kafin ranar kasuwa ta zagayo.