Haraji Kan Tsofaffin Kayan Ajiya da Ake Sayarwa ta Intanet

A Kafanchan, tsohuwar mahaɗar jirgin ƙasa, akwai gidajen da ke ajiye da fitilun ma'aikatan reluwe, da kwabo mai huji, da kan sarki, da faya-fayen garmaho. A yau magada kan tallata su a Facebook, kuɗin kuwa ta banki suke shigowa, inda sukan bar sawu.

Ƙarƙashin dokar harajin ribar kadara ta 1967, ana yafe irin waɗannan kaya ne idan kuɗinsu bai wuce Naira 1,000 ba, adadin da hauhawar farashi ta daɗe da mayarwa abin dariya. Dokar haraji ta 2025, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta ɗaga iyakar zuwa Naira miliyan 5.

Abin lura shi ne, jimlar cinikin shekara ake aunawa, ba riba ba. Idan ta zarce iyakar, sai a cire kuɗin saye da ɗawainiyar sayarwa, a haɗa ragowar da sauran kuɗin shiga, a bayyana wa Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kaduna nan da 31 ga Maris na shekara mai biyowa. Wanda ba shi da rasit zai sha wahalar tabbatar da kuɗin saye.

Rangwamen bai shafi mai zagaya Kagoro da Zonkwa yana saro kaya domin sayarwa ba. Wannan ɗan kasuwa ne, ribarsa kuma ta sana'a ce.

Gumakan yumɓu na Nok kuwa, ba batun haraji ba ne: Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta haramta cinikinsu ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba.