Kafin Ka Kai Tsumma Jikin Taga

'Ya'yana, lokacin da nake yaro a Wurno, tagar ɗakinmu ɗan rami ce a jikin bango, tafin hannu ma ya isa ya toshe ta, ƙofa kuwa asabari. Garin nan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har Allah ya karɓi ransa a 1837, da ƙasa aka gina shi, ƙasa kuwa ba ta tsoron ƙura. Yau kuɗin shinkafar fadama da albasa da tafarnuwar Goronyo sun kawo mana tagogin alminiyom masu gilashi, daga Rabah har bakin madatsar ruwa. Na yi murna, wallahi. Abin da ke damuna shi ne, gilashin da aka sa bara, bana ya yi dishi-dishi kamar idon tsoho irina.

Kowa hunturu yake ɗora wa laifi. To, hunturu yana da nasa, domin shi ke kwaso ƙura tun daga ƙasar Chadi, ya haɗa da rairayinmu na nan, ya shimfiɗa a kan taga. Amma ƙurar da ke kwance ba ta karce komai sai hannu ya gurza ta. A ma'aunin da masana ke gwada taurin duwatsu, ƙwayar yashi tana kan 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi. Yashi ya fi shi tauri ke nan. Idan ka ɗauki busasshen tsumma da sassafe ka goge taga, a ganinka tsafta kake yi, alhali dubban ƙananan duwatsu kake ja a fuskarta. Fara watsa ruwa ƙurar ta gangara, sannan ka bi da tsumma mai laushi da ɗan sabulu. Ke kuma 'yata amarya, soson ƙarfe na tukunya ne, ki bar shi a madafa.

Ku masu sabon gini, kada ku bari a sa gilashi kafin mai walda ya gama ƙarafan taga. Tartsatsin wutarsa nutsewa yake yi cikin gilashi, ba ya gyaruwa. Idan siminti ko fenti ya ɗiga, a jiƙa shi ya yi laushi tukuna.

To, idan aikin gama ya riga ya gama fa? Wanke wurin sosai, domin ba kowane tabo ne karce ba. Wani farin tabon ruwan rijiya ne ya bushe, ruwan lemun tsami ya ishe shi. Sannan ka ja farcenka a kan zanen. Idan farcen ya wuce sumul, karcen na sama-sama ne. Ɗiga farin man goge baki a kan tsumman auduga mai lema, ka murza a hankali kana kewayawa, ka ɗauraye ka duba. Ba zan yaudare ka ba, man goge baki ƙarfinsa kaɗan ne, dusashe zanen kawai yake yi. Ainihin maganin wata hoda ce da masu aikin gilashi ke kira siriyam oksaid. Ana dama ta da ruwa kamar kunu, a goga da tattausan ƙyalle. Aiki ne na mai haƙuri, kuma dole wurin ya zauna a jiƙe, don idan gilashi ya ɗauki zafi a wuri ɗaya yana iya tsagewa.

Idan kuwa farcenka ya maƙale, ɗana, tsaya nan. Gyaran karce ba cike rami ba ne, zaftare gilashin da ke kewaye da ramin ake yi har su daidaita. Ka dage a kan mai zurfi, sai wurin ya lotsa, ka riƙa hango maƙwabcinka a karkace. Garin neman gira a rasa ido. Haka gilashi mai duhu wanda aka manna wa leda, da ka goga ledar za ta kwaile. Tagar da ake jera gilasai sala-sala ta fi sauƙi, ka zare ɗayan da ya lalace ka sa sabo. Wanda ya tsage kuwa, musamman na ƙofa inda yara ke guje-guje, kada a jira ranar kasuwa. A auna faɗi da tsawo da kauri a kai wa mai gilashi a Sakkwato, a naɗe sabon da bargo, a ɗauko shi a tsaye, ba a kwance ba.

Ni kaina akwai zane ɗaya a tagar zaurena, wani jikana ne ya ja shi da ƙusa yana koyon rubuta alif. Farce yana maƙalewa a ciki. Babansa ya so ya canza gilashin, na ce ya bari. Haske na shigowa, ƙura ba ta shiga, alif ɗin kuma ya miƙe sarai.