Amsoshin Tambayoyinku: Mece ce "Astonied"?

Tambaya: Malam, a cikin Paradise Lost da ake koya mana na ci karo da kalmar "astonied". Ni dai "astonished" na sani. Ko kuskuren ɗab'i ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: A'a, 'yata, maɗaba'a ba ta yi laifi ba. Kalma ce ta gaske, zamani ne ya bar ta a baya.

Asalinta ba na Ingila ba ne. Bayan da Normawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci. A cikinsu akwai "estoner", wadda masana suka danganta da "tonare" ta Latin, wato yin tsawa. Ke nan wanda aka ce ya zama "astonied", tamkar wanda aradu ta faɗo kusa da shi ne: kunne ya toshe, baki ya mutu, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Da farko ma har wanda aka buga wa kulki a ka ya suma ana kiransa haka. Saboda wannan, a ganina "mamaki" ta yi mata kaɗan, suman tsaye ya fi kusa.

Ki koma wurin da kika gan ta. John Milton, wanda ya fitar da littafin a 1667, ya yi amfani da ita ne a kan Adamu lokacin da Hauwa'u ta gaya masa ta ci 'ya'yan itacen da aka hana su. Ai wannan ya wuce a riƙe baki a ce "ikon Allah". Haka ma fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta siffanta Sarki Nebukadnezzar da ita, sa'ad da ya leƙa tanderun wuta ya ga mutanen da ya sa aka jefa ciki suna yawo lafiya lau.

Wasu kan zaci daga "stone" ta fito, wai mutum ya daskare ya zama dutse. Zaton da daɗin ji, amma kamar sauti ce kawai. 'Yan uwanta na jini su ne "stun" da "astound" da "astonish", kuma ta ƙarshen nan ce ta gaje gidan. Kada dai ki saka tsohuwar a takardar jarrabawa, don mai maki zai iya ja miki jan biro a kai.